KWANA ARBA'IN BA SHINKAFA

Shafi na 9

Salamu alaikum 'yan uwa. Ku yafe mini shirun kwana uku, na rubuta shafin nan na goge ya fi a ƙirga. Masu cewa maganar Goggo tana yi musu nauyi, na sassauta ta, amma na kasa cire ta duka, haka take zuwa mini a kunne.

*

Argungu, ƙarshen daminar 1986.

Tun daga zaure Rahmatu ta ji gidan ya canza.

Ƙamshin yana nan yadda ta bar shi. Citta, kanumfari, man shanu, da garin shinkafar da aka soya har ya fara ja. Ƙamshin nakiya ke nan, wanda ko a ajinsu na kwalejin kimiyya a Birnin Kebbi, in ta kifa kai a tebur, takan ji shi a gefen gyalenta. Sautin turmin ne ba shi ba. Dakan Goggo uku-uku ne, sai ta ɗan saurara kamar mai jiran amsa. Wannan kuwa duka ne kawai, sai ka ce turmin ya yi wa mutum laifi.

Ta taɓa jakarta. Katin asibitin yana ciki.

Wata biyu ke nan da ta kai Goggo Sakkwato. Likita ta taɓa ƙullin da ke nonon Goggo na hagu, ta ce sai an cire shi, ta ba su rana. Ranar ta zo ta wuce, Goggo ba ta je ba. Rahmatu ba ta ji labari ba sai makon jiya. Ta bar aji ta tafi da kanta, ta tsaya a ƙofar likitar tun safe har la'asar, sannan aka rubuta mata wata ranar. Gobe Alhamis, ƙarfe takwas.

"In ya tsallaka zuwa hammata," likitar ta ce mata, bayan ta cire tabarau ta dube ta, "abin da zan iya yi mata kaɗan ne."

A waje Malam Dikko direba, maƙwabcinsu, ya ajiye motarsa fijo a inuwa. Ya ce da ya sallame azahar zai tayar.

"Salamu alaikum."

"Wa'alaikumus salam! Ga likita ta iso!"

Kulu ce, wadda ta shekara ashirin tana taya Goggo daka. Ta jingine taɓarya ta share fuska da bakin zane.

"Maraba da wadda tak kashe muna sana'a."

"Ni, Inna Kulu? Mi niy yi?"

"Tambayi harshena. Ni da goro yac cinye ma baki tun ina budurwa, wai ni anka maishe mai ɗanɗanon nakiya. Shekaranjiya anka maido muna kwalla guda daga gidan biki. Wai amarya ta ci ta yi ta atishawa har kwallinta ya zube. Sau biyu nis sa barkono, wallahi ban ji ba."

"To Goggo hwa? Ba ita ka ɗanɗanawa ba?"

"Goggonki ta koma akuya. Ganye da sahe, ganye da marece. Tana can baya, tahi ki gani da idonki."

Katangar bayan gidan ruwan bana ya cinye rabinta, ba a gyara ba. Daga nan ana hango fadama gaba ɗaya. Ruwa ya kwanta, shinkafa ta tsaya a cikinsa kore shar har inda ido ya ƙare, balbelu suna tashi suna sauka kamar ana shanya fararen ƙyallaye. Rana tana wasa a kan ruwan, komai yana ɗan rawa.

Nan Goggo Balaraba take zaune.

Yayar mahaifiyar Rahmatu ce, ita ta raine ta tun tana shekara uku. Duk Argungu Goggo ake ce mata, har ita ma Rahmatu ta tashi da sunan a baki. Mace ce da in ta zauna a tabarma ba a ganin tabarmar. Yau ga tabarma nan ta yi saura ta ko'ina. Awarwaron da ya shekara goma bai motsa daga wuyan hannunta ba ya gangara har gwiwar hannu.

"Ramatu," ta ce, ba ta juyo ba. "Tun da hantsi nis san kina tahe. Na gan ki bisa ruwan can, kina tahiya ba ki nutsewa."

"A mota niz zo, Goggo."

"To, wata ta nig gani. Ta yi kama da ke."

Rahmatu ta durƙusa ta gaishe ta. Ta tambayi jiki, aka ce da sauƙi. Ta tambayi aiki, aka ce da godiya. Idonta yana kan wani ɗan kwano a gefen tabarmar.

"Mi na wanga?"

"Rama da busasshen kihi. Ci ki ji. Ba daɗi ko kaɗan."

"Yaushe rabonki da tuwo?"

Goggo ta juyo. Fuskarta ta zabge, amma idanun suna ƙyalli kamar na yarinyar da ta ɓoye abin mamaki a bayanta.

"Yau talatin da takwas. Jibi arba'in."

"Kwana?"

"Awo. Ba tuwo, ba hura, ba masa, ba kunu. Sukari ko a yatsa ban lasa ba. Ina tsaye bisa tukunya, ƙamshi na kirana da sunana, ni ko ban amsawa."

"Wa yas sa ki?"

Goggo ta yi dariya. Ta kwance bakin zanenta a hankali, ƙulli bayan ƙulli, ta fito da wata takarda da aka ninke ta har ta yi laushi kamar tsumma.

Rahmatu ta gane rubutunta tun kafin a buɗe.

Sai ta ji kamar ta koma ranar. Ɗakin karatun kwaleji da tsakar rana, fanka tana juyawa a kasale, ita kaɗai a ƙarshen dogon tebur da wata mujallar likitoci da ta zo daga nesa. Ta karanta shafi uku, ta ɗaga kai, sai ta ga mata uku a tsaye a gabanta tsakanin kantocin littattafai. Kakarta, da ciwon nono ya kai ta kabari. Mahaifiyarta Kulsumi, da ba ta tuna ko fuskarta. Da Goggo. Duka ukun a bakin tukunya ɗaya suka yi rayuwa. Mai nakiya ba ta karin kumallo, a gidan nan haka aka gada. Lasa take yi. Ta lasa da asuba, ta lasa da hantsi, ta lasa kowane turmi kafin a kwashe, da dare kuma tuwon shinkafa.

Ranar ji ta yi ita kaɗai ta gano abin da ya ɓuya wa kowa. Ta rubuta wa Goggo wasiƙa shafi huɗu cike da murna.

"Dikko yak karanta min," in ji Goggo tana shafa takardar. "Sau ukku nis sa shi, har ya hwara ƙunƙuni. Kin ce masu bincike sun duba ƙasashe. Inda mata ka shan sukari da yawa, suna cin hwarin gari, nan ciwon nono ya hi yawa."

"Na ce suna zato. Na ce ba su tabbatar ba, Goggo. Har layi nij ja a ƙarƙashin wurin."

"Su ba su tabbatar ba. Ni na tabbatar musu."

"Goggo…"

"Tsaya ki ji. Shekara talatin ina hwaɗa da kiyashi cikin gidan ga. Ban taɓa bin ko guda da wuƙa ba. Kwallar nika ɗaukewa, in share wurin, su gaji su watse da kansu. Abin ga da ke ƙirjina zaƙi yaz zo sha. Na ɗauke mai kwalla. Shi ke nan. Ke da kanki kinka ba ni maganin, ɗiyata, sannan ki ce in tahi a yanka ni?"

Rahmatu ta shiga laluben kalmomin da za ta fara da su. A aji ma haka take. Amsar tana nan a kanta sarai, sai an kira sunanta ta watse. Ta damƙe gefen tabarmar.

"Takardar can ba maganar magani takai ba. Maganar mai lahiya ta, wadda abin bai zo ma ba tukuna. Wai ƙila in ta rage zaƙi, ta rage ƙiba, haɗarin shi ɗan ragu. Ƙila, Goggo. Ba a ce shinkahwa ka kawo shi ba. Akwai matan da ba su taɓa ganin nakiya ba, sun yi shi. Akwai gado, akwai shekaru, akwai abin da har yau ba wanda yas sani."

"To ga shi ni na sani."

"In ya riga ya zauna, yunwa ba ta hidda shi. Ke za ta cinye, ta bar shi."

"Ya rage."

"Bai rage ba."

"Kin gani? Daga Birni kinka hango shi? Kawo hannunki."

Goggo ta waiga ta tabbata babu kowa, ta sassauta zanen, ta kamo hannun Rahmatu ta ɗora.

Fatar da ɗumi. Ƙasusuwan ƙirji sun fito ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Rahmatu ta rufe ido, ta jera yatsu uku yadda ta ga likita ta yi, ta fara zagayawa a hankali. Can nesa wani masunci yana kiran ɗan uwansa a kan ruwa, muryar tana zuwa tana komawa. Ta ji bugun zuciyar Goggo a ƙarƙashin yatsunta, irin wanda ta sha yin barci a kansa.

Ga shi nan.

Wata biyu da suka wuce kamar ƙwallon dabino yake. Yanzu ya kai goro. Da tauri, ba ya gudu in an taɓa shi.

Ta zame yatsunta zuwa hammata. Ta danna. Ba ta ji komai ba. Ta sake dannawa, ta ƙara shiga ciki. Ba komai. Ko kuwa yatsunta ne ba su iya ba? Ita fa ba likita ba ce, kwalabe da madubin duba ƙwayoyi kawai ta sani.

"Ya?" in ji Goggo. "Hwaɗi gaskiya."

"Nonon na yar rage, Goggo. Shi ya ƙaru."

Goggo ta janye hannun, ta gyara ɗaurin zanenta, ta mai da ido kan fadama.

"Jiya da rana nig ga innarmu," ta ce a hankali. "Cikin kwalekwale. Ta ɗora tukunya a tsakiya tana tuƙa tuwo, wuta na ci, jirgin bai ƙone ba. Tuwon hwari tas, tururi na tashi har sama. Tana yahito ni da muciya. Nic ce mata sai jibi."

"Yunwa ta, Goggo. Jiri na."

"Kwana biyu sunka rage. Bari su cika. Ba a ƙirga arba'in a tsaya a talatin da takwas."

Rahmatu ta fito da katin ta ajiye a kan tabarmar, a tsakaninsu.

"Gobe ƙarhe takwas. Yau za mu kwana Sakkwato. Malam Dikko na waje."

"Ciwon daji ba shi son ƙarhe. Kowa ya san wanga. Ka taɓa shi da wuƙa, shi watsu ko'ina."

"Ba wuƙa ka watsa shi ba. Mutane na ba su zuwa sai ya riga ya watsu, in sun mutu a ce wuƙa ta. Naki bai kai hammata ba. Ban ji shi can ba. Yanzu na lokacin, Goggo, yanzu."

"Jibi."

"Jibi Juma'a, ba a aiki. Na sha wuya kafin a ba ni gobe. Ba za a sake ba ni ba."

"To Allah shi na likita."

Daga masallacin unguwa aka kira azahar. Kiran ya bi ta kan ruwan ya dawo. Kulu ta leƙo ta gefen rumbu, hannunta fari da gari.

"Dikko ya ce a hwaɗa ma likita da mara lahiyarta shi ya tahi salla. In ya dawo bai ga kowa cikin mota ba, wai akuyoyi zai ɗauka, sun hi ku jin magana."

Babu wanda ya yi dariya. Kulu ta dubi wannan ta dubi waccan, ta ƙi komawa.

Rahmatu ta ɗauki wasiƙar. Shafi huɗu, rubutu a tsare, har da layin da ta ja da rula.

"Ni niy yi wanga," ta ce. "Da hannuna. Da ban rubuto ba da tuni an cire shi, da yanzu kina nan kina yi ma Inna Kulu hwaɗa. Na karanta shahi ukku kawai, nig ga kamar na san komi. In wani abu yas same ki, wasiƙata ta."

"Kul. Kada in sake ji."

"To tashi mu tahi!"

Ba ta taɓa ɗaga wa Goggo murya ba. Ita kanta sai da ta firgita. Wata balbela da ke kan karyayyar katangar ta tashi.

"Na san abin da kike tsoro," ta ci gaba, hawaye suna zuba ba ta share ba. "Na san innata a asibiti tac cika. Na san ke kinka kai ta Zariya, kinka dawo ke kaɗai. Amma ita a makare anka kai ta. Ke ba ki makara ba."

"Wa yac ce miki a makare?"

"Ke. Ke kinka hwaɗa min."

"Awo. Ni nih hwaɗa."

"Balaraba," in ji Kulu. Muryarta ta sauya, babu sauran wasa a ciki. "Kin yi rantsuwa."

"Na yi. Shekara goma sha bakwai ina riƙe da ita, ta hi abin ga na ƙirjina nauyi."

"Balaraba, ki ji tsoron Allah."

"Shi nika ji. Yarinya na nan tana ɗora ma kanta laihin da ba nata ba. Wai wasiƙa. Ramatu, ko ba ki rubuto ba, da na samu wani dalili. Da na ce mahwarki niy yi. Da na ce ƙahwata ka ciwo. Wasiƙarki inuwa kawai tab ba ni, na shiga na zauna."

Rahmatu ta dubi Kulu. Kulu ta zauna a ƙasa, a kan turɓaya, ta rufe baki da tafin hannu.

"Ba a makare munka kai Kulsumi ba," in ji Goggo. "Nata bai ko kai nawa ba. Kina shekara ukku, babanki Ladan ya yi shekara da rasuwa. Munka hau babbar mota, kwana biyu muna tahiya. Sunka duba, sunka ce sai an cire nonon dut. Ta sa hannu. Ina zaune waje ina jan tasbaha har yatsana ya kumbura."

"Sai ta…"

"Sai ta tashi."

Rahmatu ba ta gane ba. Ta jira sauran maganar.

"Ta tashi, ta sha kunu, ta nemi ƙari. Kwana goma sha biyu tana tahiya da ƙahwarta. Likitan har dariya yay yi muna, yac ce mun zo da wuri, mun yi dubara. Ni ba mutuwa nika tsoro ba, Ramatu. Mutuwa kowa na da tata. Tashin nika tsoro."

Fadamar ta yi nisa. Rahmatu tana ganin bakin Goggo yana motsi, maganar tana iso ta daga baya, kamar muryar masuncin nan.

"A tashar Gusau taz zauna bisa ƙunshin kayanmu, tac ce ita ba ta shiga motar Argungu. Nic ce kin haukace? Tac ce, Yaya, mi aka yi ma amarya nakiya dominai? Nic ce don ta yi jiki, ta samu nono in ta haihu. Tac ce to wace uwa za ta ba ɗiyarta nakiyar da anka daka a gidan mai nono guda?"

"Gaskiya tah hwaɗi," Kulu ta ce daga cikin tafin hannunta. "Nan garin, kafin a ba da aikin gara sai an tambayi hannun da zai daka. Ko mai ɓari ba a ba. Bale wanga."

"Innarmu da tay yi nata, ɓoye shi munka yi har ta cika, munka ce ciwon ciki na. Na Kulsumi ba shi ɓoyuwa. Zane guda za ta ɗaura a gani. Tac ce turmi zai tsaya, gida shi mutu. Ke kuma a riƙa ce miki ɗiyar mai daji, ki tsuhwa ba wanda yay yi sallama dominki. Tac ce gara marainiya."

"Goggo, mi kike hwaɗi?"

"Ta cire gyalenta da takalminta tab ba ni. Tac ce kai musu wanga, ki ce an rufe ni can. Ta sa na dahwa Alƙur'anin wani malami nan cikin tasha. Ta shiga wata mota ba takalmi, ta nuhi Gaya, wurin wata ɗiyar ƙanen kakanmu."

Goggo ta ɗaga hannayenta biyu ta dube su, baya da ciki.

"Anka yi zaman makoki cikin gidan ga. Anka yi sadakar ukku, ta bakwai, ta arba'in. Da hannun ga nid daka gumbar sadakarta, tana da rai. Kina goye a bayana kina miƙo hannu in sam miki."

Rahmatu ta ga kanta ta miƙe tsaye, ba ta san lokacin da ta tashi ba. Duk shekara, ranar da aka ce mata ita ce ranar, takan yi azumi ta karanta Yasin. Takan zauna ta ƙirƙiro fuska, ta ba ta idon Goggo da hancinta ita kanta, ta sa mata farin mayafi, ta ajiye ta a wani lambu mai ruwa. Shekara da shekaru tana gyara lambun nan.

"Tana da rai?"

"Awo."

"Yanzu? Yau?"

"Shekara goma sha bakwai da wuƙar. Ko ciwon kai ba ta cika yi ba."

"To ai…" Muryar Rahmatu ta tsinke, ta sake kamo ta. "To ai aikin ya yi, Goggo. Ta warke. Ga shi kin gani da idonki. Ya yi!"

"Ya yi. Ta warke, ba gida, ba ɗiya, ba suna, ba turmi. Mutane na yi mata addu'ar matattu tana wanke kwanonin wasu. Shi na warkewar da kike kirana in tahi in karɓo? Ni in an yanke ni ina za ni? Wa zai kawo min gyale gida?"

"Ni ba ni barin ki ki tahi ko'ina. Ko an bar sayen nakiya, ko an…"

"Haka nic ce ma Kulsumi a tasha."

A waje aka danna hon, dogo, sau biyu.

Kulu ta share ido da gefen hannu, garin ya yi mata fari a kumatu.

"Hwaɗa mata sauran, tunda kin hwasa."

"Wane saura?" in ji Rahmatu.

Goggo ta ɗauki katin asibitin. Ta juya shi, ta sake juyawa, ita da ba ta karanta boko.

"Ba ta Gaya yanzu. Shekara biyu ke nan, da taj ji kin samu kwaleji, ta tattaro ta dawo. Tana Gwadangaji. Wanki takai a gidan wani ma'aikaci."

Gwadangaji, nan bakin Birnin Kebbi. Rahmatu takan bi ta wurin duk ranar da za ta shiga gari.

"Ta aiko min sau guda. Tac ce kin cika saurin tahiya, kuma kina karatu bisa hanya, wata rana mota za ta kwashe ki. Tac ce in yi miki hwaɗa."

Rahmatu ta dafa katangar. Ƙasar ta ɗan zube a ƙarƙashin hannunta.

Hon ya sake tashi.

Goggo ta dafa tabarma za ta miƙe, jiri ya kwashe ta, Kulu ta tare ta da sauri. Ta tsaya tana numfashi, idonta a rufe, har ƙasa ta daina juyawa. Sannan ta soke katin a bakin zanenta, inda wasiƙar take a da.

"Kulu, ɗauko min mayahina. Ki ce ma Dikko shi bar kashe muna kunne, ga mu nan. Amma shi juya kan motar."

"Shi juya? Sakkwato hwa gaba take."

"Ba Sakkwato za mu hwara ba."

Ta juyo ta dubi Rahmatu sosai, irin kallon da take yi wa sukari a tukunya in ya kusa kamawa.

"Ke kin karanta takarda, likita ta karanta takarda. Mutum guda na yas san abin da nika tambaya. Za ni in tsaya gabanta in ce, Kulsumi, da kin sani, za ki sake sa hannu? In ta dube ni tac ce awo, gobe ƙarhe takwas ina bisa gadonsu, su yanke abin da sunka ga dama. In ta yi shiru, ki maido ni gida in cika arba'in ɗina, kuma kada ki sake kawo min kati."

"Goggo, in ta ƙi ganinmu hwa?"

"Ni za ta ƙi gani. Ta ce ranar da nit taka ƙoharta ba ta yahe min ba."

Ta karɓi mayafin daga hannun Kulu ta yafa.

"Share hawayenki, ki gyara gyalenki. Ke za ki yi sallama."